Makin da Aka Goge

Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina tsayuwa a bayan kanta a wani kantin magani da ke yammacin Alexandria, kusa da birnin Washington, lokacin ina karatun aikin jinya. Sunansa dai kantin magani, amma maganin yana can ƙurya, a hannun masu farar riga. Sauran wurin duk sabulu ne da man shafawa da man goge baki da alewa da ƙunzugun jarirai da na manya. Aikina shi ne in haska kaya da wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga, in karɓi kuɗi, in tambayi kowa ko yana da katin kanti.

Duk wanda ya yi sayayya da katin nan ana tara masa maki, makin kuma kuɗi ne a hannunsa ranar da ya dawo. Ban da haka, injin karɓar kuɗi yana buga takardun rangwame a gindin rasit, har rasit ɗin ya kai tsawon ɗankwali. Yawancin mutane dunƙule shi suke yi su jefa a kwandon shara kafin su kai ƙofa. Amma akwai 'yan kaɗan da suka mai da abin sana'a. Sun san yadda za su haɗa takardar kanti da ta kamfanin da ya yi kayan da makin makon jiya, su ɗora wannan kan wancan, har kayan da suka cika keken sayayya su koma kuɗin kofin shayi. Ranar Lahadi suke zuwa, domin ranar ake sauya farashin mako. Ni kuma daga coci nake wucewa aiki, in cire ɗankwali in sa shuɗiyar rigar kanti a banɗakin ma'aikata.

Biyu daga cikinsu na fi sani.

Ta farko Hajiya ce, 'yar Maraɗi, mijinta direban tasi. Ranar da muka fara haɗuwa injin ya tsaya mini, ina ƙunƙuni da Hausa ban san akwai mai ji ba. Sai na ji an ce, "Ɗiyata, ke ta ina ce?" Na ce Kafanchan. Ta ce ba ta taɓa zuwa ba, amma ta san citta daga can take hitowa. Daga ranar ba ta bin layin kowa sai nawa. Hajiya ba ta karanta Turanci sosai, amma ba a taɓa cutar ta a farashi ba. Sabulu da man shafawa da turaren hammata take tarawa a cikin manyan durom a falonta, idan sun cika ta aika wa ƙanwarta da ke da butik, wato shago, a Maraɗi. Wani lokaci takan zo mini da dambun zogale a 'yar roba, ta tura shi ta ƙasan kanta kamar kayan sata.

Ta biyun Baturiya ce, ta ba shekara sittin baya, siririya, kullum gashinta a ɗaure tsaf. Ta yi shekaru tana buga takardu a ɗaya daga cikin manyan ofisoshin gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington kafin ta yi ritaya. Mijinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ita kaɗai ke jinyarsa a wani gidan bene kusa da kantin. Tana da wani fayil mai kauri, kowane shafi da aljihunan leda, kowace takardar rangwame a mazauninta. A wuyanta kuma akwai ƙaramin almakashi a rataye da igiya, da shi take yanke takardun daga rasit tun kafin ta bar kanta. Mu ma'aikata matar mai fayil muke ce mata. Ba ta sayen alewa ko kayan kwalliya. Ƙunzugun manya take saye, da man hana gyambon kwanciya, da madarar gwangwani ta marasa lafiya.

Ba ta da yawan dariya, amma ta yi mini kirki. Sanyin farko da na yi a kantin ta ga yatsuna sun tsattsage, mako na gaba ta kawo mini safar hannu. Idan na faɗi wata kalma ba daidai ba takan maimaita ta a hankali yadda take, ba tare da ta dube ni ba, don kada in ji kunya. Tun bazara ta daina kashe makinta. Ta gaya mini tara shi take yi, tana so ta sayi kujerar wanka da na'urar awon jini, ta kuma jibge ƙunzugun da zai kai su ƙarshen sanyi, saboda idan ƙanƙara ta sauka ba ta iya barin mijin ta fito. Duk Lahadi sai ta ce in duba mata inda makin ya kai. In faɗa mata, ta rubuta a bangon fayil ɗin.

A farkon kaka manajanmu ya tara mu a ɗakin baya, inda ake jibge kwalaye. Mutum ne mai sanyin hali da ciwon baya, ba ya son rigima ko kaɗan. Ya ce hedkwata ta sauya tsari. Daga farkon wata mai zuwa babu sauran takardar rangwame a rasit, komai ya koma cikin waya. Ba a ƙara haɗa rangwame biyu a kan kaya ɗaya. Tsohon makin da mutum bai kashe ba kafin ranar kuma za a goge shi. Ya ce an aika wa kowa saƙo ta imel, kuma za a manna sanarwa a ƙofa. Sanarwar da aka manna ba ta fi tafin hannu ba, tana ƙasan tallar allurar mura. Sannan ya raba mana wata jimla da aka ce mu haddace: an sauƙaƙa tsarin ne domin jin daɗin abokan ciniki.

Lahadin da ta biyo na gaya wa Hajiya komai da Hausa, ina haska kayanta ina magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "To, sun gaji da mu ke nan." Ranar ta kashe makinta kakaf, sai da mijinta ya shigo ya taya ta ɗaukar kaya.

Matar mai fayil kuwa ba ta zo ba. Mako na biyu ma ba ta zo ba, haka na uku. Daga baya na ji an kwantar da mijin ne a asibiti, tana can tare da shi. Ban san gidanta ba, amma lambar wayarta tana cikin injin da ke gabana. Da na buga sunanta za ta fito. Doka ta hana mu taɓa bayanan mutane, an kuma taɓa korar wata a kan haka. Sau biyu ina ɗora yatsa a kan allon ina janyewa. Na gaya wa kaina ai an aika mata saƙo, mace mai tsari irinta ba za ta rasa gani ba. Wata ya ƙare.

Makon farko na sabon tsarin ban taɓa ganin irinsa ba. Ranar Litinin wani dattijo mai sanda ya ji makinsa ya tafi, ya ɗaga sandar ya share duk abin da ke kan kantar cingam, ya tattaka su ɗaya bayan ɗaya yana kallona. Ranar Laraba wata mata mai goyo a gaba ta jefi manaja da kwalbar maganin kurkure baki, ta same shi a kunne, ruwan ya bi wuyansa ya jiƙa rigar. Wani saurayi cikin kwat, da katin aikin gwamnati a wuya, ya naushi allon injin biyan kuɗi da kai sau uku har gilashin ya dare, sannan ya naɗe hannunsa da hankici ya fita abinsa. An tofa wa abokiyar aikina yawu a goshi. Duk wanda na karanta wa jimlar da aka ba mu sai idonsa ya ƙara ja, don haka na daina faɗinta. Manaja ya roƙi a turo mana mai gadi, aka ce ana duba buƙatar.

Idan ƙofa ta buɗe sai in duba hannun mai shigowa kafin fuskarsa.

Ranar Lahadi, wajen ƙarfe ɗaya na rana, matar mai fayil ta shigo. Ta rame, gashin da kullum yake a ɗaure ya barbaje a gefe ɗaya. Na gan ta ta ja keke ta nufi layin kayan marasa lafiya. Na leƙa ofishin manaja, yana can yana waya. Hajiya ma tana cikin kantin, tana juya wayarta a hannu, tana neman wanda zai nuna mata inda rangwamen ya ɓuya.

Matar ta iso kantata da keke a cike. Kujerar wanka a kwalinta, na'urar awon jini, ƙunzugu ɗauri-ɗauri har sun rufe mata ƙirji. Hajiya ta tsaya a bayanta.

"An sallamo shi ranar Alhamis," in ji ta. "Yau na samu maƙwabciyata ta zauna da shi na awa ɗaya. Ki yi sauri, don Allah."

Na ce ina yi masa fatan samun sauƙi. Na fara haska kayan. Ya kamata in tsaya in gaya mata tun kafin in taɓa kwalin farko, amma na ci gaba, kamar idan na ja lokaci injin zai canza ra'ayi. Da na gama ta miƙo katin, ta buɗe fayil ta fara zaro takardu.

"Ki cire duka daga makin," ta ce.

Na ce mata babu maki.

Ta ɗago kai. "Ki sake dubawa."

Na juya mata allon ta gani da idonta. Na yi mata bayanin sabon tsarin, da saƙon imel, da sanarwar ƙofa. Takardun da ke hannunta ma, na ce, injin ba zai karɓe su ba. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba. Sannan ta juya bangon fayil ɗin ta nuna mini rubutunta, layi-layi, mako bayan mako.

"Ke kika riƙa faɗa mini waɗannan," ta ce. "Da bakinki. Ina suka tafi?"

"An goge su ne daga hedkwata. Ba ni da ikon..."

"Nawa ne. Na saya, an ba ni."

"Bari in kira manaja."

"Kada ki motsa daga nan. Ki mai da su."

Muryarta ba ta tashi ba, shi ya sa ban tsorata yadda ya kamata ba. Mutanen da ke layi suka fara gyaran murya. Wani daga baya ya ce idan ba za ta biya ba ta matsa. Ni kuma sai bakina ya ɗauko jimlar nan da na yi kwana huɗu ban furta ba. Na ce an sauƙaƙa tsarin ne domin jin daɗinta.

Fayil ɗin ta fara maka mini. Gefensa mai ƙarfe ya same ni a baki, na ji leɓena ya fashe a kan haƙori. Takardu suka watse ko'ina. Kafin in ja baya ta miƙo hannu ta cafki wuyan rigata ta fizgo ni, cikina ya bugu da bakin kanta, numfashina ya ɗauke. Ban san siririyar mace irinta tana da wannan ƙarfin ba, amma mace ce da ke ɗaga namiji daga gado zuwa kujera kullum. Ta buga goshina a kan kanta sau biyu. A na biyun na ga wani farin haske, kunnuwana suka toshe.

Ban ga lokacin da ta kama almakashin ba. Zafi kawai na ji ya tsaga mini gira ya gangaro gefen ido, sai wani ɗumi ya rufe mini ido na hagu. Ta sake ɗagawa. Na tare da hannu, tsinin ya shige tsokar da ke ƙasan babban yatsana. Tana yi tana faɗin abu ɗaya, a hankali, kamar mai karanta lissafi: nawa ne, nawa ne.

Mutum bakwai ko takwas ne a layin. Biyu sun ɗaga waya suna ɗauka. Hajiya ce kaɗai ta yi motsi. Ta yar da jakarta ta rungumo matar ta baya, tana cewa da Hausa, "Sake ta, ke, sake ta, ɗiyar mutane ce." Matar ta gantsare ta yi baya da ita da dukkan ƙarfinta. Suka faɗa kan kantar jan farce, katakon ya karye, ƙananan kwalabe suka zubo suna farfashewa a ƙasa. Hajiya ta kai hannu za ta dafa, matar ta faɗo a kanta. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake, kamar an karya busasshen rake. Hajiya ba ta yi ihu ba, salati kawai ta yi.

Abin da ya biyo baya na fi ganinsa a bidiyon kanti fiye da a cikin kaina. Na haura kantar, ban zagaya ba. Na'urar haska kaya tana hannuna, wayarta ta tsinke. Matar tana ƙoƙarin tashi, gwiwa ɗaya a ƙasa, almakashin ya riga ya faɗi can gefe. Na ɗaga na'urar na sauke mata a fuska. Hancinta ya fashe. Ta ɗaga hannu biyu tana kare kai, na buge hannuwan na sake sauke mata a baki. Na hau ruwan cikinta na danne ta da gwiwa. Na'urar ta tarwatse a bugu na huɗu, na ci gaba da abin da ya rage a hannuna, daga nan na koma dunƙule. Jinina yana ɗiga a fuskarta yana haɗuwa da nata. Ta daina karewa. Ban daina ba.

Manaja ne ya ɗauke ni caɗak ta baya, da ciwon bayansa da komai. An ce na cije shi a hannu, kuma na ga shaidar haƙorana daga baya. An ce ina zagi da wani yare. Yaren kakata ne, wanda ban yi magana da shi ba tun ina firamare.

Ya zaunar da ni a ƙasa na jingina da firijin lemo. Warin jan farce ya cika kantin har yana sa hawaye. Ƙasa ta zama ja da shuɗi da ruwan hoda, takardun rangwame sun manne a ciki. Matar tana kwance a gefe tana tari, ta tofar da haƙori ɗaya a tafin hannunta ta tsaya tana kallonsa. Hajiya ta ja jiki ta zo kusa da ni, hannunta na dama a lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwasa. Da na hagun ta warware gyalenta ta danna mini a ido.

"Riƙe nan," ta ce. "Kada ki duba. Riƙe da ƙarhi."

'Yan sanda suka iso kafin motar asibiti. Da suka ɗaga matar za su sa mata ankwa, ta ce musu maƙwabciyarta za ta tafi aiki ƙarfe biyu, mijinta ba ya iya juyawa da kansa. Ta faɗi lambar ɗakin sau uku, bakinta yana zubar da jini, har ɗaya daga cikinsu ya rubuta.

An yi mini ɗinki takwas a gira, huɗu a hannu. Likitan ya ce saura kaɗan tsinin ya taɓa ƙwayar idon. Ƙanwar mahaifiyata, wadda ta daɗe tana aikin jinya kuma take zaune a Upper Marlboro, wani gari can bayan Washington, ta baro taron zumuntar mata ta zo da anko a jikinta. Ta duba ɗinkin ta ce an yi shi da kyau. Sannan ta sunkuyo ta ce, "Ke, ki saurare ni. Kada ki ƙara gaya wa kowa komai sai da lauya. Idan aka rubuta miki laifin duka, karatun nan naki ya tashi a banza, babu asibitin da zai ɗauke ki."

"Anti, ita ta fara."

"Na sani. Ɗan sandan ya ce ke kika ƙarasa."

Ta tafi da ni gidanta na yi mako biyu. Ba na iya cin abu mai tauri, sai kunu da faten doya. A kwana na huɗu wata murya daga hedkwata ta kira ni. Ta tambayi jikina, ta ce kamfani zai biya kuɗin asibiti, sannan ta ce bidiyo ya nuna na bar wurin aikina na kai wa abokiyar ciniki hari bayan haɗarin ya wuce, don haka an sallame ni. Na ce na ji. Ban yi gardama ba, saboda lauyan da Anti ta samo ya riga ya nuna mini bidiyon a ofishinsa. Na ga wata mace cikin shuɗiyar riga tana dukan tsohuwa da ke kwance. Na ƙirga bugu goma sha ɗaya. Ina yarinya na taɓa ganin an tare wani mutum a kasuwar garinmu ana duka, na riƙa kallon fuskokin masu dukan ina cewa waɗannan wasu irin mutane ne daban. Lauyan ya tambaye ni ko ya sake kunnawa, na ce a'a.

Mai gabatar da ƙara bai tuhume ni ba. Lauyan ya ce raunin idona da karayar Hajiya su suka cece ni. Matar ita aka gurfanar. Ta amsa laifinta, aka yi mata ɗaurin talala, aka hana ta shiga kowane reshe na kantin. Kwana biyu ta yi a tsare kafin a ba da belinta, a cikin kwana biyun hukuma ta ɗauke mijin ta kai shi gidan kula da tsofaffi. Ba a mai da mata shi ba.

Ranar shari'ar na fito zan sha ruwa na same ta zaune a benci a barandar kotu, ita kaɗai. Hancinta ya karkace, leɓenta na sama ya shige ciki inda haƙorin ya fita. An hana mu magana da juna, amma babu kowa a wurin. Ta dubi girata, na dubi bakinta.

"Kin san za a goge," ta ce. Ba tambaya ba ce sosai.

Na ce na sani.

"Tun yaushe?"

"Mako uku kafin a goge."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta mai da idonta kan bangon da ke gabanta. Na tsaya ina jira ko za ta ƙara wani abu, ko ni in samu abin ƙarawa. Lauyanta ya leƙo ya kira ta, ta tashi ta shige. Ban sake ganinta ba.

Hannun Hajiya sai da aka sa masa ƙarfe. Wata biyu ina zuwa gidanta duk Asabar, in wanke mata kai, in tuƙa tuwo, in taya ta motsa yatsun yadda aka koya mana a makaranta. Idan na lanƙwasa wuyan hannun takan cije gyale, gumi ya feso mata, ta ce in ci gaba. Na ba ta haƙuri sau da yawa har ta gaji. Ta ce, "Ni kika karya? Bari wannan zance." Durom ɗin da ke falonta rabinsa ne a cike, haka aka aika shi. Ta gwada sabon tsarin na waya sau biyu, ta ce ribar ba ta kai wahalar ba, kuma ko ƙofar kantin ta hango sai hannun ya fara mata zogi. Daga baya ta koma dafa abinci tana sayar wa direbobin tasi, mijinta yana kai musu a bayan mota. Har yau da hannun hagu take ɗaga tukunya.

Wata rana ina matsa mata yatsu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ranar nan ina ta kiranki, ɗiyata, ɗiyata, ya isa. Ba ki ji ni ba?"

Na ce ban ji ba.

"Na sani," ta ce. "Na ga idonki."

Na gama karatuna a shekarar da ta biyo. A watan farko da aka tura ni ɗakin tsofaffi a asibiti, wani dattijo da hankalinsa ya gushe ya kama wuyan hannuna ina canza masa zanen gado. Ya murɗe shi, ya kwaɗa mini mari da ɗaya hannun har tabarauna ya faɗi. Na ji abin nan ya taso mini daga ciki, daidai yadda ya taso a kantin, zafi daga cibiya zuwa kafaɗa. Na fizge hannuna na mai da su duka biyu baya, na riƙe ɗaya da ɗaya, na tsaya a wurin yana zagina har ya gaji ya koma kallon taga. Sai na ƙarasa gyara gadon, na ɗauki tabarauna, na tafi banɗaki na yi amai.

Shugabar ɗakin ta ga abin daga bakin ƙofa. A takardar da ta cike a kaina ƙarshen watan ta rubuta cewa ina da haƙuri ƙwarai da marasa lafiya. Na karanta, na sa hannu a inda ta nuna mini.